Yadda Ake Zaɓen Jaket da Jera Tufafi Don Kwanan Zango

Wanda zai kwana a tanti yana fama da yanayi biyu ko uku cikin yini guda. Da hantsi yana tafe da jaka a baya, gumi na tsattsafo masa. Da la'asar iska ta taso, wataƙila har da yayyafi. Can gab da fitowar rana kuma sanyi ya kai maƙura, ya farka yana rawar ɗari. Riga ɗaya, komai kaurinta da tsadarta, ba za ta iya da waɗannan duka ba. Shi ya sa masu hawan tsauni da masu kwanan daji suka daɗe da komawa ga jera tufafi hawa-hawa: ta jikin fata, ta tsakiya, sai ta waje, kowacce da aikinta, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda jiki ya ji.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe tun kafin ka taɓa kuɗinka. Tufafi ba sa samar da zafi. Jikinka ne ke samar da shi, yana riƙe da kansa a wajen digiri 37, tufafi kuwa aikinsu su tsare iskar da jikin ya ɗumama kada ta gudu. Ruwa yana kwashe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da yadda busasshiyar iska ke yi. Saboda haka babban abin tsoro a zango shi ne jiƙewa, kuma sau da yawa ba daga sama ruwan yake zuwa ba, gumin mutum ne da kansa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: san wurin da za ka da abin da za ka yi

Ka duba hasashen yanayi, amma kada idonka ya tsaya a kan zafin rana. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce mafi ƙarancin zafi da dare, sai ƙarfin iska, sai yiwuwar ruwa. Idan wurin zangon kan tudu ne, ka yi lissafi da kanka, domin hasashen yakan kasance na garin da ke gindin tsaunin ne. A matsakaici zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau. Idan an ce digiri 18 za a yi da dare a ƙasa, kai kuma za ka kafa tanti mita 1,500 sama da nan, to ka shirya wa wajen digiri 8. Daren da sama ta yi garau ba gajimare ya fi sanyi, domin zafin da ƙasa ta tara da rana yana ficewa ba abin da ya tare shi. Kwari kuma yakan tara sanyi da raɓa fiye da gefen tudu, tunda iska mai sanyi gangarowa take yi ta kwanta.

Sannan ka tambayi kanka: tafiya za ka yi ko zama? Mai tattaki da kaya a baya jikinsa na fitar da zafi mai yawa, abin da yake bukata shi ne tufafin da ke sakin gumi. Wanda zai iso da mota ya zauna bakin tanti yana hira, ɗumi yake bukata, nauyin kaya bai dame shi ba. Kuma kai ka san jikinka. Idan kai ne mai fara jin sanyi a cikin jama'a, ka ƙara hawa ɗaya a kan duk abin da za ka karanta a nan.

Mataki na biyu: rigar da ke jikin fata

Nan mutane suka fi yin sakaci, alhali nan ne tushe. Aikin wannan riga ta janye gumi daga fata ta watsa shi waje ya bushe. Auduga ba ta yin wannan. Tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a baya, ta daɗe ba ta bushe ba. Da zarar ka tsaya hutawa iska ta bugo ta, sai ta shiga sanyaya ka yadda tulu ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. A tsakar rana mai zafi wannan daɗi ne, amma da yamma a kan tudu haɗari ne. Singiletin auduga da wandon jins su zauna a gida, ko a ajiye su don tafiyar mota.

Zaɓi biyu ne masu kyau. Na farko foliyesta da danginta na zaren roba. Zarenta kusan ba ya shan ruwa, don haka tana bushewa da wuri, tana da juriya, kuma ta fi araha. Aibinta wari: bayan yini ɗaya ko biyu na gumi za ka gane, abokan tantinka ma za su gane. Na biyu ulun merino, gashin wasu tumaki ne 'yan asalin Sifen, waɗanda a yau Ostireliya ce kan gaba wajen kiwonsu. Silin gashin ya fi gashin ɗan Adam siranta nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ya ƙaiƙayi irin na ulun da aka saba da shi. Ulu yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, yana riƙe ɗumi ko da ya yi laima, kuma ana iya sa shi kwanaki bai yi wari ba. Sai dai ya fi tsada, ya fi jinkirin bushewa, kuma ya fi saurin hujewa.

A jikin alamar rigar ulu za ka ga nauyin yadin da giram a kowace murabba'in mita. Mai 150 ta dace da tafiya da yanayi mai sauƙi, mai 200 zuwa 250 ta sanyi ce sosai. Ni dai shawarata ga mai farawa, ya sayi mai sauƙi guda biyu maimakon mai kauri guda: ɗaya ta tafiya, ɗaya ta barci wadda za a naɗe a leda kada ta ga danshi. Rigar ta kama jiki amma ba matsewa ba, domin idan ba ta taɓa fata ba, ba za ta janye gumi ba. Mai dogon hannu da ɗan gajeren zif a wuya ta fi amfani, tunda za ka iya naɗe hannu ka buɗe wuya idan zafi ya taso.

Mataki na uku: rigar tsakiya

Wannan ba ta bukatar dogon tunani. Suwaitar filis, wato lallausan yadin zaren roba mai gashi-gashi, wadda kamfanin Malden Mills na Amurka ya fito da yadinta a farkon shekarun 1980, har yanzu ita ce ta fi dacewa. Ba ta da nauyi, tana bushewa da sauri, tana ɗumi ko da ta ɗan jiƙe. Yadin Polartec, wato filis ɗin wannan kamfani, ana kasa shi 100, 200 da 300 gwargwadon kauri. Mai 100 ta tafiya ce, mai 200 ta zama. Ka nemi mai zif har ƙasa domin sauƙin cirewa. Rauninta ɗaya ne, iska na ratsa ta kai tsaye, don haka idan ana iska dole a ɗora mata wata riga.

Mataki na huɗu: jaket ɗin ɗumi

Wannan ita ce rigar zama, wadda kake zarowa da zarar ka sauke jaka. Ba ta tafiya ba ce, sai dai a tsananin sanyi. Iri biyu ne, bambancinsu yana cikin abin da aka cusa.

Akwai mai lallausan gashin agwagwa, wato gashin da ke kwance ƙarƙashin fuka-fukan waje. In dai batun ɗumi ne gwargwadon nauyi, har yau babu abin da ya kamo shi, kuma yana matsuwa ya zama ɗan dunƙule a jaka. Za ka ga lamba a hannun rigar ko a alamarta, kamar 550, 700 ko 850. Wannan ƙarfin kumburar gashin ne, wato yawan wurin da oza ɗaya, kimanin giram 28, ke cikewa idan ya saki jiki. Nan ake yawan ruɗuwa. Lambar tana nuna ingancin gashin ne kawai, ba yawansa ba. Jaket mai 650 da aka cusa wa gashi da yawa za ta iya fin mai 850 da aka yi wa ɗan kaɗan ɗumi. Don haka ka nemi lamba ta biyu, nauyin abin da aka cusa da giram. Akwai kuma rubutu irin 90/10 ko 80/20, wanda ke nufin kason lallausan gashi da na fuka-fukai masu ƙashi. Idan na farkon ya fi yawa, rigar ta fi kyau. Matsalar wannan gashi ruwa ce. Idan ya jiƙe sai ya dunƙule, kumburar ta tafi, ɗumin ya tafi da ita, kuma busar da shi a daji aiki ne ja.

Akwai kuma mai cikon zaren roba, irin su PrimaLoft, wanda aka ƙirƙira wa sojojin Amurka a shekarun 1980 musamman don a sami abin da ba ya mutuwa idan ya jiƙe. Ya fi nauyi, ya fi cin wuri a jaka, kuma da shekaru yana kwanciya ya rage ɗumi. Amma ya fi araha, wankinsa ba wahala, kuma yana ci gaba da aiki cikin laima.

Yadda zan raba su: idan wurin sanyi ne busasshe, kuma a bayanka za ka ɗauki kayan, gashin agwagwa. Idan wurin ruwa ne, hazo da raɓa, ko kuma jaket ɗinka ta farko ke nan, ta roba. Na fi karkata ga ta roba ga mai koyo, domin tana yafe kuskure. Ko wacce ka ɗauka, ka nemi mai hula. Bambancin ɗumin da hular ke kawowa ya fi ɗan nauyin da take ƙarawa.

Mataki na biyar: jaket ɗin waje

Nan ya kamata kuɗinka su fi tafiya. Wannan riga ba ta ɗumi da kanta, aikinta ta tare ruwa da iska don sauran su samu su yi nasu. Wahalar ita ce ana son ta hana ruwan sama shiga, amma ta bar tururin gumi ya fita. Rigar ruwa ta leda tana yin na farko ta kasa na biyu, kafin ka yi tafiyar rabin awa ka jiƙe sharkaf daga ciki.

Mafita ta samo asali a 1969, lokacin da wani injiniya Ba'amurke mai suna Bob Gore ya fizge wata irin roba mai zafi da sauri, ta miƙe ta zama tantani mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ya fi ƙofofin girma ba zai shiga ba, tururi kuwa yana wucewa. Wannan ne ya zama Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. A yau kamfanoni da yawa suna da nasu tantanin, kuma da dama suna aiki sosai, ba dole sai wannan suna ba.

Lambobi biyu za ka duba. Ta farko da milimita ce, tana nuna tsayin ruwan da yadin zai iya ɗauka a kansa kafin ya fara yoyo. Mai 5,000 ta yayyafi ce. Mai 10,000 ta isa yawancin tafiye-tafiye. Mai 20,000 ta mamakon ruwa ce da doguwar tafiya, musamman da yake igiyoyin jaka suna danna yadin a kafaɗa, dannawar kuwa tura ruwa ciki take yi. Lamba ta biyu ta fitar tururi ce, giram nawa ke wucewa ta murabba'in mita guda cikin awa 24. Daga 10,000 zuwa sama ba laifi. Wasu kamfanoni suna amfani da ma'aunin RET, mai auna yadda yadi ke hana tururi fita, wanda shi a juye yake: ƙaramar lamba ta fi kyau, ƙasa da 6 shi ne mafi inganci. Kada ka ɗauki waɗannan lambobi tamkar yankan wuƙa, domin hanyoyin gwajin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Za ka kuma ga an rubuta hawa 2, 2.5 ko 3, wato yawan hawan da ke cikin yadin jaket ɗin kansa. Mai 2 tana da shafi a sake daga ciki, ta fi nauyi, ta dace da zangon mota. Mai 2.5 ita ce mafi sauƙi da araha, amma tana ɗan mannewa a fata kuma rufinta na ciki yana saurin ɓarewa. Mai 3 an haɗe yadin waje da tantani da shafin ciki wuri guda, ita ta fi ƙarko, ita ta fi tsada.

Yanzu ka juya jaket ɗin ciki waje ka dubi ɗinkin. Kowace hujin allura ƙofar ruwa ce, don haka dole ka ga siririn tef a manne bisa kowane layin ɗinki, a kafaɗa, a hula, a hammata, a bakin aljihu. Ka bi shi da yatsa. Idan a kafaɗa kawai aka sa, ko gefen tef ɗin ya fara ɗagowa, ajiye ta. Sai ka duba ko akwai zif a ƙarƙashin hammata. A ganina wannan ɗan zif ya fi kowace lamba amfani, domin babu tantanin da ke iya fitar da gumin mai hawan tudu da sauri yadda buɗaɗɗiyar ƙofa ke yi. Hular ta kasance mai igiyar ɗaurewa da ɗan baki mai tauri, ta riƙa juyawa tare da kanka. Aljihu su kasance sama da inda bel ɗin jaka ke zama.

Idan wurin da za ka ba a ruwa, iska ce kawai, siririyar rigar nailan mai tare iska ta wadatar, kuma ta fi daɗin tafiya.

Mataki na shida: gwada su tare

Kada ka gwada jaket ɗin waje a kan shat kaɗai. Ka sa ta jikin fata, ka sa suwaita, ka sa ta ɗumi, sannan ka ɗora ta waje. Ɗaga hannu sama: idan ƙugunka ya fito ko hannun rigar ya zame daga wuyan hannu, ta yi kaɗan. Rungume kanka, ka sunkuya kamar za ka ɗaure takalmi. Idan ta waje ta matse ta ɗumi har ta kwantar da kumburarta, ka yi asarar ɗumin da ka saya. Idan kuma ta yi yawa har iska na kai da komo a ciki, shi ma asara ne.

Mataki na bakwai: kai, hannu da ƙafa

Hular ulu, safar hannu siririya, abin rufe wuya, da safar ulu ƙafa biyu ko uku. Ba su da nauyi, amma su ne hanya mafi sauri ta daidaita ɗumi ba tare da sauke jaka ba. Wando ya zama na nailan ko foliyesta mai saurin bushewa, da dogon wandon ciki don dare, da wandon ruwa idan ana sa ran ruwa. Kada ka cusa safa biyu a takalmin da bai da wuri, matsewa tana rage gudun jini, ƙafar ta ƙara sanyi.

Mataki na takwas: sarrafa su cikin yini

Kaya masu kyau ba su da amfani idan ba a san lokacin sawa da cirewa ba. Da safe kafin tashi, ka cire jaket ɗin ɗumi ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Wannan yana da wuya a rai, amma cikin minti goma zuwa sha biyar jiki zai ɗauki zafi. Wanda ya tashi a ƙudundune zai jiƙa rigunansa uku da gumi kafin ya kai tudu na farko.

Ka rage kafin gumi ya keto, ba bayan ya keto ba. Fara da ƙananan abubuwa: cire hula, buɗe zif ɗin wuya, naɗe hannu, buɗe hammata. Idan bai isa ba ka tsaya ka cire suwaita, ko kuma ka rage sauri. Da ka tsaya hutawa kuma, ka ɗora jaket ɗin ɗumi nan take, tun kana jin zafi, a kan duk abin da ke jikinka. Riƙe ɗumin da kake da shi ya fi maido da wanda ya tafi sauƙi. Saboda haka wurinta saman jaka ne, ita da ta ruwa, ba ƙarƙashin tukunya da jakar barci ba.

Idan kun isa zango, kafa tanti, sannan ka tuɓe rigar da ta sha gumi ka sa busasshiya kafin rana ta faɗi. Wajen wuta ka yi hattara. Tartsatsi guda ya isa ya huda nailan ɗin jaket ɗin ɗumi, gashin cikinta ya riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Ulu ba ya saurin kamawa, don haka idan kana da tsohuwar rigar ulu ita ce ta zaman bakin wuta.

Lokacin kwanciya ka shiga jakar barci da busassun kaya, busasshiyar safa da hula. Kada ka cusa fuska ciki kana numfashi, danshin numfashin zai jiƙa jakar. Idan sanyi ya yi yawa, shimfiɗa jaket ɗin ɗumi a kanka ko ka sa ta, muddin akwai wuri. Sau da yawa kuma sanyin dare daga ƙasa yake shigowa, wanda maganinsa shimfiɗa mai kauri ce, ba ƙarin riga ba. Komai sanyi, kada ka shigar da garwashi ko risho cikin tanti a rufe, iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ka kuma lura da abokan tafiya. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma ba sai ana ƙanƙara ba, jiƙewa da iska sun isa. Alamun su ne karkarwa mai ƙarfi, hannu ya kasa jan zif, magana ta riƙa sarƙewa, mutum ya rikice ko ya yi shiru ba gaira ba dalili. Idan karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani. A kai shi inda ba iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a raba shi da ƙasa, a ba shi abin sha mai ɗumi idan yana cikin hayyacinsa, a nemi taimakon likita da gaggawa.

Mataki na tara: wanki da ajiya

Yadin jaket ɗin ruwa yana zuwa da wani shafi a waje, wanda za ka ga an rubuta DWR, shi ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara. Datti da maiƙon jiki suna kashe shi. Idan ka ga yadin ya fara shan ruwa yana yin duhu a kafaɗa, tururi ba zai iya fita ba, sai ka ji laima a ciki ka ɗauka yoyo take. Yawanci wanki kawai take so. A wanke ta da sabulun ruwa na musamman ko mai sauƙi, a ɗauraye sosai, kada a sa maganin laushin kaya ko bilic. Ɗan zafi yana farfaɗo da shafin, ko na injin busarwa a ƙaramin mataki, ko guga mai sauƙi da tawul a tsakani, idan alamar rigar ta yarda. In duk da haka ruwa bai dunƙule ba, sai a fesa sabon shafi.

Jaket ɗin gashin agwagwa a wanke ta da sabulunta na musamman, a busar da ita a hankali har sai babu sauran dunƙule. A injin busarwa ana jefa ƙwallon tanis biyu ko uku don su warware gashin; in babu inji, a shanya a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa warware dunƙulen da yatsu lokaci-lokaci. Kada a ajiye ta a matse cikin 'yar jakarta tsawon watanni, a rataye ta ko a sa ta a babbar jakar yadi. Ulu kuma a wanke shi da ruwan sanyi, a shimfiɗa shi a kwance ya bushe, a adana shi a rufe saboda asu.